Lafagu da Kwale-kwale: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Shiga Jirgi

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke bakin murhu, da wadda ta samu ta ɗan kishingiɗa bayan ta sallami 'yan makaranta, kowacce ta gyara zama, domin yau bakin kogi za mu.

Za mu leƙa Lafagu ne, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can wajen iyakarmu da ƙasar Benin. Wata za ta ce, to ni da nake cikin kulle, ina ruwana da kogi da kwale-kwale? Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki bi ni a sannu. Kafin mu rabu za ki ga cewa maganar jirgin ruwa ta fi shafar mu mata a kan maza masu tuƙa shi.

Ina ne Lafagu?

Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Ƙaramar hukumar tana cikin masarautar Gwandu, kuma tana da mazaɓu 11. Ɗaya daga cikinsu ita ce Lafagu da Gante. Sauran garuruwan yankin da kika saba jin sunansu a rediyo sun haɗa da Illo, da Lolo, da Ka'oje, da Zagga, da Tsamiya, da Kende. Ƙasa ce da ta tara jama'a iri-iri: Hausawa, da Fulani, da Dandawa, da Zabarmawa, da Kyangawa, da mutanen Bargu. Gida ɗaya sai ki tarar uwa daga wannan tsallake take, kaka daga Benin, ƙanwar uba kuma tana aure a Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Abin da ya ɗinke su duka shi ne kogin Neja, wanda mu Hausawa muke kira Kwara. Ko Jihar Kwara ma daga sunan kogin nan ta samo nata.

Kogin nan ba ƙaramin kogi ba ne. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali ta Bamako da Gawo, ya shigo Nijar ta Yamai, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, sannan ya faɗo Nijeriya ta wajen Lolo. A cikin wannan yanki ne kuma gulbin da ya taso ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi yake zuba ruwansa cikin Kwara, gabas da Illo. Daga nan sai Yawuri, sai tafkin Kainji, har ya dangana da teku.

Akwai gada a Tuga, kuma motoci suna bin ta. Amma ƙauyuka da tungayen masunta da ke warwatse a gaɓa ba duka ne hanyar mota ta kai gare su ba, balle da damina in fadama ta cika. A irin waɗannan wurare kwale-kwale shi ne mota, shi ne jaki, shi ne kuma motar asibiti. Da shi ake zuwa gonar shinkafa, da shi ake kai kaya kasuwa, da shi ake kai amarya. Ko a 2023, lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil saboda rikicin siyasa, ai da kwale-kwale jama'a suka riƙa tsallaka kogin.

Kogi mai cika sau biyu

Ga wani abin mamaki da ya kamata ki sani, uwargida. Rafin garinku da damina yake cika, da rani ya ƙafe. Kwara kuwa a wannan yanki sau biyu yake kawo ruwa a shekara.

Cikar farko ita ce ta daminarmu, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da aka yi a ƙasashenmu ne yake gangarowa da laka da yayi, shi ya sa za ki gan shi ya yi fari-fari kamar kunu. Masana suna ce masa farin ruwa. Yakan zo da ƙarfi, yakan kuma zo ba sallama. Shi ne ke cinye gonaki, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020, lokacin da manoman shinkafa na Kebbi suka yi asara mai yawa.

Cika ta biyu kuwa da hunturu take zuwa, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi daga sama. Daga ina ya fito? Ruwan daminar Gini ne. In ya iso Mali sai ya tarar da wata makekiyar fadama a ƙasar Masina, ya bazu a cikinta, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya. A nan lakarsa take kwantawa. Kafin ya iso mu ya tace, ya yi duhu-duhu, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ki ce ai rani ne, kogi ya yi sanyi. Wurin da yaro ya taka da ƙafa a watan jiya yana iya shanye babba a watan gobe. Kogi ba ya bin lissafin girgijen da ke saman gidanki.

Mutanen ruwa da jirginsu

A ƙasar Kabi da bakin Kwara akwai mutanen da ruwa ne gadonsu, su ne Sarkawa. Masana tarihi suna danganta asalinsu da Sorko, masunta kuma matuƙan jirage na tsohuwar daular Songhai. A wajen Yawuri kuma akwai Gungawa, mazauna tsibirai. Garuruwan bakin ruwa suna da Sarkin Ruwa, wanda ya san zurfi da tudu, ya san inda dorina take kwana, shi ake nema in wani ya nutse, shi ke sasanta masunta in sun saɓa.

Jirgin gargajiya daga gungumen itace guda ake sassaƙa shi, irin su maɗaci. Yanzu da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, galibi da katako ake haɗawa, a buga ƙusa, a toshe kafofin. Ƙananan ana tuƙa su da filafili in ruwa da zurfi, ko a dogara doguwar gora a ƙasa in ruwa bai kai ba. Manyan kuwa inji ake ɗaura musu a baya, su ne ke ɗaukar buhuna da babura da fasinja.

Tuƙi ilimi ne, 'yar'uwa. Yaron bakin kogi tun bai iya wanke hannunsa ba yake zama a gaban jirgin babansa. A nan yake koyon karatun fuskar ruwa: inda ya yi lumui akwai zurfi, inda yake murɗawa akwai rami ko dutse, inda yake ƙyalƙyali akwai yashi kusa. Yana koyon cewa ba a tsallaka kogi a miƙe. Sai an ɗan haura sama, a bar ruwa ya gangaro da jirgi zuwa mashigar da ake so. Yana koyon duban hadari, ya san iskar da za a jira ta wuce.

Da wannan ilimi ake kamo giwan ruwa, da tarwaɗa, da ƙarfasa, da ragon ruwa. In kifi ya shigo gida kuma, aikin ya dawo hannun mata: a fafe, a wanke, a jera a kan wuta a yi banda. Ke da kike zuba busasshen kifi a miyar kuka a Kano ko Zariya, wataƙila hannun wata 'yar'uwarki mai kulle a bakin Kwara ne ya kyafe shi.

Inda tuƙi ya zama wasa

Duk sana'ar da ake gado, ba a rasa ranar nuna gwaninta. Samarin ƙauyukan kogi sukan yi tsere a tsakaninsu in an taso daga su ko daga gona. Amma inda tseren ya yi suna a Jihar Kebbi wurare biyu ne.

Na farko Argungu. Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada ya ɗauki siffar da aka san shi da ita ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta zama alamar zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zamanin yaƙi. Mutane sun fi sanin ranar kamun babban kifi, amma kafin ita akwai wasannin da ake kira kabanci: tseren kwale-kwale, da iyo, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. An yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba, sannan aka dawo da shi a 2020.

Na biyu Yawuri, inda ake bikin Rigata a kan Kwara. Sunan daga kalmar Turawa ne mai nufin tseren jirage, amma wasan na gida ne. Gungawa ne ke nuna irin bajintar da kakanninsu suka yi a ruwa, zamanin da ake fita farautar dorina a cikin jirage. Za ki ji labarin dogon jirgi cike da maza, makaɗi yana ba su kiɗa, filafilai suna faɗawa ruwa a lokaci guda kamar hannun mutum ɗaya.

A ƙasashen waje kuwa abin ya zama babban wasa, har a gasar Olamfik. Iri biyu ne. Akwai irin namu, inda matuƙi ke fuskantar gaba da filafili a hannu. Akwai kuma wanda matuƙi ke ba wa inda za shi baya, yana jan dogayen filafilai da aka maƙala a jikin jirgi. A Ingila akwai wani ɗan ƙauye mai suna Dorney kusa da kogin Tems, wanda ya yi suna a duniya saboda tafkin tsere da aka haƙa a gefensa. A nan aka yi tseren jirage na Olamfik ɗin Landan a 2012. Cikin waɗanda suka shiga har da wani ɗan Nijar, Hamadou Djibo Issaka, mutumin Yamai, wanda wata uku kacal ya yi yana koyon irin wannan tuƙi. Shi ya zo na ƙarshe a tseren mita 2,000, amma da yake bai ajiye filafili ba har ya kai, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi. Daga Nijeriya kuma wata yarinya, Ayomide Bello, ta yi tseren kwale-kwale a Olamfik ɗin Tokiyo da aka yi a 2021.

To ga inda nake so ki lura. A waɗancan gasanni na duniya, gwanaye ne a cikin jirgi, kowa ya iya iyo, da rana tsaka ake yi, amma duk da haka jiragen ceto suna biye da su. Ko a Matan Fada, Sarkin Ruwa da mutanensa suna nan suna sa ido. Gwani ke nan ake tsare wa rai haka. Mu kuwa da ba mu iya komai ba a ruwa, mu ake lodawa a jirgi da dare, ba rigar ruwa, ba mai ceto.

Su wa ruwa yake ci?

Bari in tuna miki wasu ranaku na baƙin ciki, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Kimanin 20 aka ceto. Hukuma ta ce jirgin ya tsufa, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, a Bagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi, aka rasa rai aƙalla 29. A Mayu 2023, a Dandeji ta ƙaramar hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, yara 15 suka rasu a hanyar zuwa ɗebo itacen girki. A Yuni 2023, a Patigi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka halaka suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoba 2024, a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, wani jirgin ya sake kifewa da dare da mahalarta taron Maulidi, mafi yawansu mata da yara.

Ki sake duba jerin nan da kyau: kasuwa, Maulidi, itace, biki. Tafiye-tafiyen wa ke nan? Namu ne, mu da 'ya'yanmu. Namijin bakin kogi kullum yana cikin ruwa, in jirgi ya kife yana da damar ya kai gaɓa. Mace mai kulle kuwa sau nawa take shiga jirgi a shekara? Ranar biki, ranar suna, ranar ta'aziyya, ranar awo ko naƙuda. Ba ta iya iyo ba. Ga zani, ga mayafi ko doguwar hijabi, ga goyo a baya, ga ƙwarya a hannu. Kuma ranakun da take fita su ne ranakun da jirgi ya fi cika, domin kowa ranar yake fita. Kin ga wadda ta fi kowa nisa da kogi ita ce ta fi kowa shiga haɗarinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan.

Me ke kifar da jirgi?

Ki ɗauki ƙwarya ki ɗora a kan ruwan baho. Ki zuba tsakuwa kaɗan a gindinta, za ki ga ta zauna daram. Ki yi ta ƙarawa har bakinta ya kusa taɓa ruwa, sannan ki ɗan kaɗa ruwan da yatsa. Nan take za ta sha ruwa ta nutse. Jirgi ma haka yake. Tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ita ce ransa. Kowane buhu, kowane babur, kowane fasinja da aka ƙara, ana rage wannan tazara ne.

Na biyu, nauyi in ya hau sama jirgi yakan yi lilo. Mutanen da ke zaune a ƙasa ba sa kifar da jirgi kamar waɗanda ke tsaye ko suka hau kan buhuna. In kuma aka firgita, kowa ya ruga gefe ɗaya, to an gama.

Na uku, ruwan da ke shiga ta kafofin tsohon katako. In ba a kwarfe shi ba, yana ƙara nauyi, yana kuma gudu daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da jirgi ya karkata.

Na huɗu, dare. A cikin kogi akwai kututturan itatuwa, da duwatsu, da tudun yashi, da ciyawar ruwa mai naɗe farfelar inji, ga dorina. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar ruwa a 1968, itatuwan da ruwa ya rufe sun daɗe suna fasa jirage. Da rana matuƙi yana iya kaucewa. Da dare kuwa ba ya gani, kuma in abu ya faru masu ceto ma ba sa ganin wanda za su ceta. Saboda haka ne hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa.

Na biyar, iskar farkon damina, wadda kan taso da yamma cikin ɗan lokaci ta tayar da igiyar ruwa.

Abin da ke hannunki, uwargida

Kada ki ce ni ba na fita, ba ni da ta cewa. Shawarar tafiya a ɗaki ake yanke ta, kuma ke kike shirya yara.

Farko dai lokaci. In za ku biki tsallake, ki roƙi maigida tun ana saura kwana biyu a shirya fita da hantsi, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. In yamma ta yi muku a can, ku kwana. Ki faɗa masa da lafazi mai daɗi: “Maigida, don Allah in dare ya yi mana gara mu kwana wajen Inna, da safe mu taho.” Babu namijin kirki da zai ƙi wannan. Kwanan gidan biki a kan tabarma ya fi zaman makoki.

Na biyu, in kin iso mashiga ki dubi jirgin kafin ki sa ƙafa. In kin ga bakinsa ya kusa shan ruwa, ko ana ta kwarfar ruwa tun bai tashi ba, ki ja yaranki ki koma gefe ki jira na gaba. Za a ce kin cika tsoro, za a ce sauran mata duk sun shiga. Ki bar su su faɗa. Kunya ba ta fitar da mutum daga ruwa, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, rigar ruwa, wadda wasu ke kira rigar ceto. Aikinta ta ɗaga ki a saman ruwa ko ba ki iya iyo ba, har a zo a ɗauke ki. Ba ta hana sutura: a kan tufafinki za ki sa ta, ki ɗaure igiyoyinta tamau, ki tattare hijabinki kada ta naɗe miki hannu da ƙafa. Rigar da aka riƙe a hannu ko aka zauna a kanta ba ta da amfani. Ta babba kuma ba ta yi wa yaro, zai zame ta ƙasa, sai a nema masa daidai shi. Hukumomi sukan raba, amma ba ta isar kowa. To mu da muke adashi mu sayi kwanuka da atamfa, me zai hana matan gida ɗaya ko unguwa ɗaya su yi zubi su sayi riguna biyar ko shida, a ajiye wajen wata dattijuwa, duk mai tafiya ta ara ta dawo da ita?

Na huɗu, goyo. In kin shiga jirgi ki kwance jariri daga baya ki rungume shi a gaba. Wanda ke ɗaure a baya, in aka faɗa ruwa, fuskarsa tana iya nutsewa alhali ke kanki yana sama, kuma ba ki ganinsa. Ki zauna a ƙasan jirgi, yara a gabanki, kada kowa ya miƙe ko ya leƙa sai jirgi ya tsaya cak.

Na biyar, yaran da muke aike. 'Yar talla, da mai ɗebo itace, da mai kai abinci gona, ki san jirgin wa za su shiga, kada kuma ki yarda yaro ya tuƙa yara. Ribar ƙuli-ƙuli ko ta dafaffiyar shinkafa ba ta kai ran ɗiyarki ba. Yaran bakin kogi su koyi iyo a hannun babba, a wuri marar zurfi, 'yan mata ma a samu mata manya su koya musu a keɓantaccen wuri tun suna ƙanana. In kuma kin ga yaro yana fitsari da jini, tsargiya ce da ake ɗauka a ruwa, tana da magani a asibiti, kada a ce alamar girma ce.

Ke ma da kike birni, nesa da Kwara, kogin yaronki yana tsakar gidanki: rijiya marar murfi, da randa, da bahon wanki, da kududdufin bayan gida. Ɗan rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma ba ya ihu. Ki rufe, ki kife, ki sa ido.

In abin ya faru

In jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, a saki kaya. A kama jikin jirgin in yana yawo, ko jarka, ko gora, ko katako. Wanda ke gaɓa kuma, in bai iya ceto ba kada ya faɗa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, to haka zai ƙanƙame mai cetonsa su nutse tare. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, a yi kururuwar neman masunta.

In an fito da mutum, a bar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga shi ƙafa sama wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma amai yana iya shaƙe shi. Abin da yake bukata numfashi ne. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki yadda ake yi ranar da kika je awo ko rigakafi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya.

Na san za a ce komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado sai ya tafi. Gaskiya ne, mun yi imani da haka. Amma malamanmu kullum suna koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki, kuma rai amana ne. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ai sassaƙa jirgi aka umarce shi ya yi. Ki yi addu'arki ta shiga abin hawa, ki kuma ɗaure rigarki.

Mutanen Lafagu da Illo da Lolo ba za su rabu da Kwara ba, mu ma ba ma fatan su rabu. Shi ne shinkafarsu, shi ne kifinsu, shi ne hanyar zumuncinsu da 'yan'uwa na Benin da Nijar, kuma gwanintar tuƙin da suka gada abin alfahari ce gare mu duka. Roƙonmu dai shi ne jirgin da ya kai amarya ya dawo da 'yan rakiya cif.

Yau da dare in maigida ya ci tuwo ya natsu, ki tayar masa da wannan magana. Gobe kuma in maƙwabciya ta aiko aron turmi, ki aika mata da ita. Allah ya tsare mu da zuriyarmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.